Turbo ba ya son ƙura, ba ya son gaggawa

Daga watan Maris zuwa Afrilu, lokacin da albasar kwarin Tarka ke fitowa, motocin Madawa ba su san ranar hutu ba. Hilux da Land Cruiser na kwaso buhuna daga garake zuwa bakin kwalta, inda manyan kamiyo ke jiran lodin Abijan da Akra. A daidai wannan lokaci ne zafi ke haura digiri 40, kuma a nan ne inji mai turbo ke tona asirin maigidansa: wanda ya kula da shi tun hunturu ya ci kasuwa, wanda ya yi sakaci ya kwana bakin hanya, albasa na lalacewa cikin rana.

Turbo farfela ce guda biyu bisa sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya ta farko, ta biyun kuma ta cusa iska cikin inji domin ya ƙona gazuwal fiye da yadda zai iya shi kaɗai. Sandar na juyawa fiye da sau 100.000 a minti guda, kuma ba abin da ya raba ta da ƙarfen da ke riƙe da ita sai ɗan siririn baƙin mai. Saboda haka direban da ya hawo duwatsun Adar da lodi, ya iso tashar Buza ya kashe mota nan take, ya yanke wa turbo mai alhali yana da zafi jau. Man da ya rage ciki sai ya ƙone ya zama gawayi. Minti ɗaya ko biyu na barin inji yana aiki a tsaye ya isa magani, kuma ba a biyan ko dala.

Ƙura ta fi wannan ɓarna, don a ɓoye take aiki. A hanyoyin kasuwannin Tamaske, Ibohaman da Karofan, mota na tafiya ne cikin ƙurar wadda ke gabanta. Idan matacin iska ya huje, ko robar da ta haɗa shi da turbo ta tsage, yashi zai riƙa cin bakin farfela kamar zarto, ya wuce ya cinye zoben fistan. Yaran gareji na da al'adar kakkaɓe mataci a jikin taya ko hura shi da iska mai ƙarfi har takardarsa ta yage. Ya fito fes, amma ya daina tacewa.

Sai batun ƙarin ƙarfi, wanda shi ne ke cinye jarin mutane. Tun zamanin Projen Keita, da aka soma a 1984 da tallafin Italiya da FAO, mutanen yankin suka saba da motocin daji masu inji marar turbo, masu haƙuri irin na jaki. Injin 1HZ mai lita 4,2, wanda Toyota ta fito da shi a 1990, daga wannan zuriya yake. Wasu na ɗaura masa turbo na kwance don ya ja lodi. Abin da ba a faɗa wa mai mota shi ne, Toyota da kanta, da ta so mai turbo, wani inji ta ƙera, wato 1HD-T, mai fistan dabam da hanyar fesa mai dabam. Wasu kuma ba su kai nan ba: makaniki ya murɗa ƙusar famfo, mota ta yi tsalle, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Wannan hayaƙi gazuwal ne da aka saya bai ƙone ba, zafinsa kuwa kan inji yake sauka har ya tsage shi.

Sababbin Hilux masu alamar D-4D na fesa mai da matsin da ya wuce bar 1.000. Ɗigon ruwa ko tsakuwa daga jarkar ƴan ruwa-ruwa na iya kashe injekta, kuma kuɗin guda huɗu ya isa ya girgiza albashin ma'aikaci na watanni. Tun 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ke fitar da gazuwal. Wanda ya cika tanki a gidan mai kafin ya bar kwalta ya rage wa kansa wannan fargaba.

Mai niyyar ƙara wa motarsa ƙarfi, to daga ƙasa ake faro gini. A wanke radiyata, a duba fanka da robobin ruwa, a sa matacin mai da na gazuwal na asali, ko da za a jira saƙo daga Maraɗi ko Ƙofar Ruwa ta Kano, inda na gaske da na jabu ke zaune rumfa ɗaya. Juyen baƙin mai a irin waɗannan hanyoyi kada ya wuce kilomita 5.000, a rubuta lambar a littafi, don direba da maigida ba safai suke tuna rana ɗaya ba. Fitilar T-BELT in ta kama, bel ake canzawa, ba ƙwan fitila ake cirewa ba. Bayan duk wannan ne ake maganar na'urar sanyaya iskar turbo da agogon auna zafin hayaƙi, sannan a taɓa famfo.

Watan Janairu da Fabrairu ne lokacin wannan aiki, kafin albasa ta nuna, kafin kuma layi ya yi tsawo a ƙofar gareji.