Darasin masu jirgin ruwa ga mai sayen tsohuwar motar hamada

Damagaram ba ta da teku, kuma babu wanda ke cinikin jirgin ruwa a Kasuwar Dole. Amma duk ɗan kasuwar da ya taɓa wuce Tanut da Agadas ya nufi Dirku ya san wurin da ido ba ya ganin komai sai sama da rairayi, inda idan abin hawa ya mutu babu gari, babu inuwa, babu mai jin kira. A wannan fanni, direban Tenere da matuƙin teku sana'arsu ɗaya. Shi ya sa ya dace masu shirin zuba jarinsu a tsohuwar mota su ji yadda mutanen bakin teku suke yi kafin su sayi tsohon jirgi mai tafiya da iska.

A Faransa da Ingila akwai mutanen da ke tara kuɗi shekara da shekaru don su sayi irin wannan jirgi na hannu, mai shekara 30 ko 40, su ƙetare Atlantika da shi. Suna son tsoho domin jikinsa mai kauri ne, kayansa ba su da wuyar gane kai, kuma farashinsa bai kai na sabo ba. Sai dai mai hankali a cikinsu ba ya biya yana kallon jirgin a kan ruwa. Sai an fito da shi tudu, an ɗauko gwanin bincike wanda mai saye ne ke biyansa ladansa. Gwanin yana bin jikin jirgin da ƙaramar guduma yana sauraren inda ya ruɓe, yana duba ƙusoshin da ke riƙe da nauyin ƙarfen da ke ƙarƙashi, da famfunan da ruwa ke bi, da wayoyin da ke ɗaure dogon turken da zanen iska ke rataye a kai. Waɗannan wayoyi akan sake su bayan kamar shekara 10, ko da ido bai ga aibinsu ba. Bayan haka a fita gwaji cikin teku, sannan a yi maganar kuɗi.

Tarihi ya nuna dalilin wannan tsanani. A 1892 wani matuƙi mai suna Joshua Slocum ya samu wani tsohon jirgin kamun kawa, Spray, kyauta a Amurka. Wata 13 ya yi yana sake masa katako, ya kashe dalar Amurka 553 da ƴan kai, kafin ya zagaya duniya da shi shi kaɗai daga 1895 zuwa 1898. Kyauta aka ba shi, amma gyara ne ya kai shi ya dawo da shi. A 2018 kuma aka yi gasar Golden Globe daga garin Les Sables-d'Olonne na Faransa, wadda ba a shiga sai da jirgi ƙirar kafin 1988. Mutum 18 suka shiga, 5 suka kai ƙarshe. Wanda ya ci, Jean-Luc Van Den Heede, yana da shekara 73, kuma kwana 211 ya yi bai taka ƙasa ba. A gasar 2022 jirgin wani ɗan Finlan, Tapio Lehtinen, ya nutse cikin ƴan mintuna a tekun Indiya. Abin da ya cece shi shi ne kwalekwalen ceto da na'urar kiran agaji da ya tanada, har abokiyar gasarsa Kirsten Neuschäfer ta iso ta tsamo shi.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Damagaram. A zamanin Sarki Tanimun, lokacin da ayari ke tashi daga Birni ya bi ta Ayar da Gat zuwa Tarabulus, attajirai irin su Malam Yaro sun san dukiyarsu a bayan raƙumi take tafiya. Madugu ba ya sayen raƙumi don kyan gashinsa. Yana buɗe bakinsa ya ga shekarunsa a haƙora, ya duba tafin ƙafa, ya taɓa tozo, ya durƙusar da shi ya tashe shi da kaya. Mota ta karɓi aikin raƙumi, amma da yawa daga masu saye sun bar al'adar buɗe baki.

Abin da sakaci ke jawowa kuwa, jihar Damagaram ta gani da idonta. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu mutanen Kance. Motoci biyu da suka ɗauke su ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa sauran aikin. Gwamnati ta sa aka yi makokin kwana uku. A 2017 wasu mutum 44 suka rasu tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta mutu. Talauci ne ya fitar da waɗannan bayin Allah daga gida, amma a kowane karo akwai wani da ya san halin motarsa, ya karɓi kuɗi, ya ce Allah ya kiyaye.

Masu sayen irin waɗannan motoci ba manyan ƴan kasuwa kaɗai ba ne. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, an ga ma'aikatan gwamnati suna haɗa abin da suka tara, wasu har da kuɗin ajiye aiki, suna sayen Land Cruiser ta hannu su ba wani ƙane ya yi jigila. Sha'awarsu ga tsohuwar ƙira tana da hujja. Injin 1HZ na Toyota, mai lita 4,2 da silinda 6, wanda ya fito a 1990, ba ya dogara da kwamfuta. Makanike a Tanut yana iya kwance shi a ƙarƙashin bishiya, kuma yana jure gazuwal marar tsabta fiye da sababbin injuna. Haka tsofaffin kamiyo na Marsandi ƙirar 1924 suka yi suna a hanyar Libiya, haka Fijo 504 ta yi suna a hanyar Kano. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne. To amma sunan ƙira ba ya ba da shaida a kan motar da ke tsaye gaban mai saye.

Saboda haka matakin farko shi ne na masu jirgi: makanikenka, ba na dillali ba. Dillali la'adarsa yake jira, kuma ba laifinsa ba ne. A hau da motar bisa ramin garaji, a bi shasi da guduma daga gaba har baya. Motocin Turai, waɗanda ake yi wa laƙabi da "au revoir la France", sun sha gishirin da ake watsawa a hanyoyi lokacin ƙanƙara, kuma sabon baƙin fenti a ƙarƙashi yakan rufe tsatsa ko walda. A tashi injin da safe yana sanyi. Shuɗin hayaƙi alama ce yana shan baƙin mai. Farin hayaƙin da ba ya ɗaukewa, da baƙin mai mai kama da madara, alama ce ruwa na shiga inda bai kamata ba. Lambar kilomita da ke gaban direba ba abin dogaro ba ce, domin ana mayar da ita baya. Sitiyari da kujera da abin taka birki sun fi ta faɗin gaskiya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma tsohuwar taya mai kyan zane tana fashewa a zafin bazara. Gwaji kuwa da kaya ake yinsa, cikin rairayi, da rana tsaka, ana kallon allurar zafi.

Mataki na biyu takardu ne. Lambar da aka buga a shasi dole ta yi daidai da wadda ke cikin takardar mota, kuma a ga shaidar biyan duwan. Motar da ta shigo da sunan wucewa zuwa wata ƙasa ta maƙale a nan, bashi ne mai jiran sabon mai ita.

Mataki na uku shi ne lissafi, kuma nan ne aka fi faɗuwa. Wanda ke da miliyan 10 ya sayi motar miliyan 10 ya sayi rabin mota. Gara ya nemi ta miliyan 7, ya bar sauran don radiyata, tiyo-tiyon ruwa, bel, batir, kuloci da tayoyi, ya sake su tun suna aiki. Kayan gyara daga waje suke zuwa, kuma farashinsu yana bin siyasa. Waɗanda suka ga watan Janairu na 1994, lokacin da aka rage darajar sefa da rabi, suna tune da motocin da suka kwana bisa duwatsu don kuɗin kayan gyara ya ninka. A 2023 ma, da aka rufe iyakar Gaya, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙaru, kuɗi ya ƙaru.

Na ƙarshe, matuƙin teku yana tanadin ranar da jirgi zai ci amanarsa, kome kyan gyaran da ya yi masa. A hamada wannan tanadi shi ne tano na ruwa wanda ba a taɓawa sai ranar wuya, da tarhon Thuraya mai caji, da bin ayarin da soja ke rakawa maimakon ɓarauniyar hanya, da sanar da wani ranar tashi da ranar da ake sa ran isa. Wurin da tano ɗaya zai ci a bayan mota kuɗin fasinja biyu ne, kuma a nan ne ake gane wanda ke tsoron Allah a cikin masu motoci.

Ma'aikacin da ya miƙa makulli ya koma ofis ya sani cewa alhakin waɗanda ke bayan motar yana wuyansa kamar yadda yake wuyan direba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kuɗinsa bai kai ga saye da gyara tare ba, ya bar motar ta yi jigilar Mirya da Magarya, inda in ta tsaya akwai rijiya kusa, har ranar da aljihu ya isa.