Ɗiyar da Ta Ƙi Zama Sarauniyar Mata

A ƙarshen damina na je Dauran gaisuwar rasuwa. Bayan La'asar na leƙa gindin bishiyar da dattawan unguwarmu ke zama tun ina yaro, na same su yadda na bar su: an tona gurabe talatin a rairayi, wannan na riƙe da karare goma sha biyu, wancan da tsakuwa goma sha biyu. Aka matsa mini, na zauna, muka fara dasa. Ɗiyar ƙanwata, 'yar shekara goma sha ɗaya, ta zo wucewa da farantin gyaɗa a ka, sai ta ja ta tsaya a bayana. Ina aje karana na bakwai ta ce a hankali, "Kawu, mi ya sa ka aza shi nan? Ai ka buɗe mai hanya."

Abokin karawata sa'an mahaifina ne. Ya ɗago ya ce, "Ke, wuce ki kai tallarki. Yaushe mata suka san dara?"

Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baba." Ta wuce. Ba a jima ba tsohon nan ya jera uku ta daidai hanyar da ta nuna, ya yi ta cin 'ya'yana har na tashi.

Shi ya sa na ɗauko labarin wata mata 'yar ƙasar Hangari mai suna Judit Polgar.

Wasanta shi ne darar da ake kira ces, mai gidaje 64, kowane ɓangare da 'ya'ya 16. Muna ce mata darar Turawa, amma aro suka yi. Daga Indiya ta fito, ta bi ta Farisa, Larabawa suka karɓe ta da sunan shaɗaranji, suka kai ta Andalus. Ko a Barno an san wani nau'inta da sunan tsatsarandi. Wani abin da ke ba ni dariya shi ne, a wasan Larabawa wanda ke tsaye kusa da sarki waziri ne, kuma taku ɗaya tak yake yi. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 15 aka sake masa doka a Sifen, a lokacin ya riga ya koma sarauniya, ta zama ita ce mafi ƙarfi a kan allon. Sarauniyar katako ta samu iko shekara ɗari biyar da suka wuce, amma macen da za ta zauna ta tura ta sai da ta sha jira.

An haifi Judit a Budafes ranar 23 ga Yuli, 1976, ita ce autar 'yan mata uku: Susan, Sofia, sai ita. Mahaifinsu, Laszlo Polgar, malami ne da ya karanci halayyar yara, kuma tun kafin ya yi aure yana da ra'ayin cewa gwaninta ba gado ba ce, tarbiyya ce: duk yaro mai lafiya in aka kama shi da wuri a kan fanni ɗaya, zai yi fice. Shi da matarsa Klara suka yanke shawarar gwada wannan a kan 'ya'yan cikinsu. Ba su kai su makaranta ba, a gida suka karantar da su harsuna da lissafi, sannan ces na sa'o'i da yawa kowace rana. Gwamnatin gurguzu ta lokacin ba ta so hakan ba, hukumar wasan ta ƙasar ma ta sa su gaba, musamman da uban ya kafe cewa da maza 'ya'yansa za su riƙa karawa.

A 1988, tana da shekara 12, ta tafi gasar ƙasashen duniya a Tasalonika ta ƙasar Girka tare da yayyenta biyu. Wasa 13 ta buga, ta ci 12, ta yi kunnen doki a ɗaya. Hangari ta ɗauki zinare a ɓangaren mata, abin da Tarayyar Sobiyet ta daɗe tana ɗauka kamar gadon gidansu. Daga Janairun 1989 ta zama ta ɗaya a jerin mata na duniya, kuma ba wadda ta ture ta har ta yi ritaya, sama da shekara 25. A Disambar 1991 ta ci gasar ƙasarta, wadda manyan maza ke ciki, ta samu laƙabin ƙoli na hukumar FIDE, wanda mu za mu ce Babban Gwani, kamar yadda tsangaya ke da gwaninta. Shekararta 15 da wata huɗu. Kafin ita, wanda ya fi kowa ƙuruciya da ya samu laƙabin shi ne Bobby Fischer na Amurka, tun 1958.

Duk wannan ba shi ne ya ja ni gare ta ba. Yara masu baiwa ba sa ƙarewa a duniya. Abin da ya tsaya mini shi ne abin da ta ƙi yi. A wasan ces akwai kambun duniya na mata zalla, da kuɗinsa da martabarsa, kuma ba mai shakkar cewa da Judit ta nema da ta ɗauka ta riƙe iya son ranta. Yayarta Susan ma ta ɗauke shi a 1996. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta shiga neman sa ba. Ta gwammace ta zama ta goma ko ta ashirin cikin kowa da kowa, da ta zama ta ɗaya a ɗakin da aka keɓe mata. Kuma ba araha ta sayi wannan zaɓi ba, domin inda ta tafi ana cin ta, wani lokaci ci mai zafi.

A 1994, a garin Linares na Sifen, ta zauna gaban Garry Kasparov, zakaran duniya. A dokar wasan, in ka saki ɗa a gida, ya zauna ke nan. Kasparov ya aje dokinsa, ya ga kuskure ne, ya ɗauke ya sake masa gida. Hoton bidiyo ya nuna yatsunsa sun rabu da dokin, ko da na ƙiftawar ido ne. Yarinya 'yar shekara 17 gaban babba, ba ta tsayar da wasan ta kai ƙara ba, aka ci gaba, ya cinye ta. Da na karanta wannan sai na tuna da "Allah ya ba ka haƙuri, Baba." Kasparov kuwa ya sha faɗa a fili cewa mata ba za su kamo maza a wannan wasa ba. Shekara takwas bayan nan, a Satumbar 2002, a birnin Mosko, a wasan gaggawa na gasar da Rasha ta kara da sauran ƙasashen duniya, ta doke shi. Dara ta ci gida. Shi ne karon farko da mace ta ci na ɗaya a duniya a gasa. In aka haɗa wasannin gaggawa da na dogon zama, zakarun duniya goma sha ɗaya ta taɓa kayarwa, ciki har da Spassky, Karpov, Anand da Magnus Carlsen. Masana wasan sun ce salonta na kai farmaki ne, ba ta jiran a zo mata.

Ga kuma wani yanki da ya kamata iyayenmu su ji. Ta yi aure a 2000, mijinta likitan dabbobi ne. Ta haifi ɗanta na fari a 2004. A 2005, da goyo, ta dawo ta kai matsayi mafi girma a rayuwarta: maki 2735, ta takwas a duniya baki ɗaya. Har yau ba macen da ta taɓa haura 2700 sai ita. A shekarar ce ta shiga gasar mutum takwas ta neman kambun duniya a San Luis ta Ajantina, kuma gaskiya ita ce ta zo ta ƙarshe. Ta ƙarshe cikin takwas ɗin da suka fi kowa a doron ƙasa. A Agustan 2014 ta ajiye wasa, bayan ta taimaka wa tawagar ƙasarta ta ci azurfa a Tromso ta ƙasar Norwe, a ɓangaren kowa da kowa. Shekara ɗaya bayan nan aka ba ta shugabancin tawagar maza ta Hangari.

Na san me wasu masu karatu ke shirin rubuto mini. Na farko zai ce malamai sun yi magana a kan shaɗaranji. Gaskiya ne, Imamu Malik ya ƙi shi, malaman Shafi'iyya kuma sun sassauta in babu caca kuma bai shagaltar da salla ba. Wannan fagen malamai ne, na bar musu. Ni ban zo tallar allon ces ba. A Legas akwai Tunde Onakoya da ya fara koya wa yaran unguwannin talakawa wasan tun 2018, har ya yi zaman sa'o'i 60 yana bugawa a Niyok a Afrilun 2024 don tara kuɗin karatun yara. Allah ya taimake shi. Mu namu guraben kyauta ne, a rairayi ake tona su.

Na biyu zai ce Budafes ba Dauran ba ce. Wannan ya fi na farko gaskiya. Uban Judit bai taɓa kwana da fargabar za a zo a kora masa shanu ko a tare shi a hanyar Zurmi zuwa Ƙauran Namoda ba. Ba wanda ya manta 26 ga Fabrairun 2021, daren da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, ko Satumbar shekarar, da aka rufe makarantun jiharmu, aka katse layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako. Uban da ya ce ɗiyarsa ba za ta kwana a makaranta ba bayan wannan, ni ba zan kira shi jahili ba. Kuma ba na son a ɗauki Laszlo Polgar waliyyi. Mutum ne da ya mayar da 'ya'yansa abin gwaji, ya zaɓa musu hanya tun ba su san hagu da dama ba. Ta yi kyau, shi ya sa ake yabon sa. Da ta ɓaci, da wani suna ake kiran sa.

To amma a duba abin da ya kashe a kan 'ya'yan nan. Ba mai kuɗi ba ne, a ƙaramin gida suke zaune. Abin da ya ba su lokacinsa ne, da kuma mizani. Bai taɓa ce musu "kun yi ƙoƙari, a matsayinku na mata" ba. Mu kuwa wannan jimla ita ce yabonmu mafi tsada. Yarinya ta zo ta ɗaya a aji, a ce kai, ta yi ƙoƙari, ga ta mace. Ta iya lissafin cinikin gyaɗa da canji a ka, ba takarda ba biro, a ce za ta iya riƙon gida. Mun riga mun auna mata iyakar inda za ta kai, muka yi rufi a nan, sannan mu dawo muna cewa ai ga shi ba su wuce nan. A duniya an ba mutum wajen 2,000 laƙabin Babban Gwani, mata a ciki arba'in da 'yan kai ne. Masu cewa halitta ce suna kafa hujja da wannan. Ni kuma ina tambaya: cikin yara ɗari da aka zaunar gaban allo aka ce su dage, nawa ne mata? Gida ɗaya a Budafes ya zaunar da uku, biyu suka zama Manyan Gwanaye, ta ukun ma ta kai matakin da ke biye.

Kuma ba sai mun je Turai neman irin wannan uba ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Nurul Albab, ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. A gida ya karantar da ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, jajinta suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. A zamanin yaƙi da hijira aka yi wannan, ba a zamanin kwanciyar hankali ba. Saboda haka in hanya ta hana yarinya zuwa makaranta, ba ta hana uban da ya iya karatu ya zauna da ita rabin sa'a bayan Magariba ba. Sa'a nawa muke ba gindin bishiya?

Kafin in bar Dauran na sa aka kira mini yarinyar. Muka tona gurabe a tsakar gidan ƙanwata, ni da karare, ita da ƙwallayen dabino. Na ci na farko. Ta ci na biyu da na uku, kuma a na ukun ban ga inda ta biyo ba sai da ta ɗauke mini ɗa na huɗu. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce ba kowa, in ta kai talla gindin bishiya takan tsaya ta duba, in ta dawo ta gwada da ƙanenta a bayan ɗaki. Na ba ta labarin Judit a gurguje, har da na dokin Kasparov.

Ta yi shiru tana juya ƙwallon dabino a hannu, sannan ta ce, "Kawu, ita in ta ci tsoho, ba a cewa ta yi rashin kunya?"

Ina neman amsar da zan ba ta, uwarta ta ƙwala mata kira daga madafa, wai gero na jiƙe tun ɗazu ba a surfa ba. Ta tattara ƙwallayenta goma sha biyu, ta ɗaure a bakin zane, ta tafi.