Kwanson Harsashi Ba Sana'armu Ba Ce

A Amurka akwai masu sayen sabon kwanson harsashi na tagulla, kashi 70 jan ƙarfe, 30 tutiya, su daidaita tsawonsa, su ɗura masa albarushi a gida. Can dokar tarayya ta yarda, muddin ba don sayarwa ba. Yanzu wasu samarinmu na zango suna kallon wannan a waya, wai ai sana'a ce. To jama'a, nan Ghana ne! Dokar makamai ta 1972 ta hana ƙera harsashi ba tare da izini ba. Albarushin kuwa in ya ɗan yi yawa, bindigar a hannun mai ita za ta tarwatse. Muna roƙon 'yan gwangwaninmu, duk wanda ya zo neman kwanso, kada ku sayar masa, ku sanar da Sarkin Zango.