Yayin Jakar Hannu Ya Shiga Makarantun 'Yan Mata

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin iyaye da 'yan'uwana 'yan tireda na Ikara, Maƙarfi da Kudan game da wani yayi da ya shigo wa 'yan matanmu na sakandare, wato rataya 'yar ƙaramar jakar hannu zuwa makaranta.

Yayi dai ba yau ya fara ba. Waɗanda suka shiga firamare zamanin UPE a 1976 sun san yadda aka yi ta rububin akwatin ƙarfe. Amma shi akwatin yana cin littafi, ruwan sama kuma bai taɓa shi. Ita kuwa wannan jaka, fisabilillahi, in an sa hoda da madubi da kwalli, ina littafin lissafi zai shiga? Sai ka ga an nannaɗe shi kamar tabarma, kafin zango ya ƙare ya yayyage.

Babban abin da ya dame ni shi ne kuɗinta. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 manomi ke ji a jika. Mai rake sai ya jira kaka, mai tumatir kuwa wata rana kwandon ko kuɗin mota bai fitarwa. To yarinyar da ƙawayenta ke yi wa dariya don ba ta da jaka, ina za ta samo? Ko dai ta tsallake aji ranar Laraba ta ɗauki talla zuwa kasuwar Maƙarfi, ko ta karɓa a hannun saurayi. Kowa ya san kyautar saurayi ba ta zuwa ita kaɗai.

Mu 'yan tireda mu ji tsoron Allah. Mu ne ke saro su daga Sabon Garin Zariya da Kano, wasunmu har bashi suke ba yara a biya da kaɗan-kaɗan, uba bai sani ba. Don Allah a daina.

Ba na goyon bayan bulala ko ƙwace jaka a bakin ƙofa, domin kuɗin talaka ne za su salwanta. Shawarata ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai ita ce su tsayar da jaka iri ɗaya, ta yadi mai ƙwari, a ba telolinmu na Ikara da Hunƙuyi su ɗinka tare da yunifom tun kafin a koma hutu.

Wassalam.

Wani ɗan tireda,
Maƙarfi, Jihar Kaduna.