Takardun gado a bakin Komadugu: wace sikana ta dace?

Da wuya a shiga gidan dattijo a Diffa, ko Maine-Sorowa, ko Gigimi, a rasa wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. A cikinsa ne tarihin gidan yake kwance: takardar haihuwa ta kotu mai cewa «né vers 1940», tsofaffin takardun haraji, littafin soja na kakan da ya yi wa Faransa aiki, hotunan aure da na Makka, wasiƙun fatake da ajami, wani lokaci har da Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafakarsa. Masu gidan sun san darajar abin, amma kwafi ɗaya tak gare su.

Shekarun baya sun nuna abin da kwafi ɗaya ke jawowa. Tun harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairu 2015, garuruwa da yawa na bakin kogi suka watse, mutanensu suka yi bukkoki a gefen babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1, kuma wanda ya gudu da tsakar dare ba ya tsayawa ɗaukar akwati. Sai ga ruwa. Komadugu Yobe, wadda ke samun ruwanta daga kogunan Haɗeja da Jama'are a Najeriya, takan cika bayan damina ta wuce, lokacin da hankali ya kwanta. A 2019 da 2022 ta tumbatsa ta shiga gidaje da gonakin tattasai. Abin da ruwa ya bari kuma, gara na jiransa. Shi ya sa ƴan kasuwa da ma'aikata da dama suka fara tambayar na'urar sikana, wadda ke ɗaukar surar takarda ta zuba ta cikin kwamfuta.

Tambayar da aka fi yi ita ce wace ta fi kyau. Amsar tana cikin akwatin, domin takarda ce ke zaɓen na'ura.

Ga hotuna da takardun gwamnati, sikana mai shimfiɗaɗɗen gilashi da murfi ita ce daidai. Iri biyu ce. Akwai siririya, wadda ake kira CIS, mai shan wuta ta igiyar USB daga kwamfutar hannu. Ko an ɗauke wuta aiki bai tsaya ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a Diffa. Aibinta shi ne ba ta ganin abin da bai manne da gilashi ba, saboda haka takardar da ta yi shekara hamsin a ninke takan fito da dishi-dishi a wurin ninkin. Mai kauri, wato CCD, ta fi gani da zurfi, ta fi tsada, kuma sai da wutar bango. Mai hotuna da yawa ya daure ya sayi wannan. Galibinsu girman gilashinsu A4 ne, santimita 21 da kusan 30, don haka mai babbar takardar fili ya auna kafin ya biya kuɗi.

Wadda za a guje wa ita ce mai zuƙar takarda da kanta, irin ta ofisoshi. Tana da sauri, gaskiya ne, amma an yi ta ne don sabuwar takarda; tsohuwa mai ƙarmas-ƙarmas tana shiga ɗaya ta fito uku. Haka nan ɗabi'ar nan ta kai takardar kaka a like ta cikin leda da zafi. Ba ta ɓantaruwa bayan nan, kuma zafin da gam ɗin suna cin takardar a hankali.

Rubutun hannu na malamai kuwa sha'aninsa daban ne, kuma a nan ya kamata a yi hattara. Ƙasar Barno ta shahara da rubuta Alƙur'ani. A ƙarshen shekarun 1950 wani masani Bature, A. D. H. Bivar, ya ga waɗansu tsofaffi masu sharhi da tsohon harshen Kanembu a tsakanin layuka. Irin waɗannan littattafai ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne, kuma ba lambar shafi: kalmar da marubuci ya ajiye a ƙasan warƙa ita ce ke nuna wadda ke biye. Yaron da bai san haka ba, in aka bar shi da gafaka da na'ura, cikin awa guda zai hautsina abin da ya yi shekara ɗari a jere. Murfin sikana kuma yana danne tawada mai ɓarɓashi. Shirin ceton tsofaffin takardu na Laburaren Birtaniya, wanda aka soma a 2004, ya fi dogara da kyamarar da aka kafa daga sama ga irin wannan aiki. A gida ma ana iya kwaikwayo: wayar salula mai kyamara mai kyau, a kafe ta kada ta motsa, a inuwa mai haske, ba tare da walƙiyar kyamara ba. In aka ɗaga warƙa ga haske aka ga jinjirin wata uku a jikinta, a ɗauki hoton wannan ma. Tambarin takardar Italiya ce da fatake ke kawowa daga Tarabulus ta Bilma, yana taimaka wa masana kimanta zamanin littafi, kuma sikana ba ta ganinsa. Mai neman shawara, akwai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai.

Saitin na'ura ba shi da wuya. Takarda, 300 dpi. Ƙaramin hoto irin na katin ɗan ƙasa, 600. A ɗauka da launi ko da takardar baƙi da fari ce, don jan hatimi da shuɗin biro su fito, a kuma juya bayanta, inda sau da yawa ake samun kwanan wata da hatimin mai hoto. Kwafin ajiya ya zama TIFF, shafi ɗaya wajen megabayit 25. JPEG na rabawa ne. WhatsApp yana rage ingancin hoto in ba a tura shi a matsayin fayil ba.

Sauran aikin ba na na'ura ba ne. Hoto ɗari biyar masu suna «IMG» da lamba ba su gaya wa jika komai. Ranar da za a yi aikin a zaunar da tsohuwar gidan kusa da gilashin, ta faɗi wane ne wannan, ɗan wa, daga wane gari, a rubuta nan take, a kuma naɗi muryarta. A kula da sunaye: magatakardan zamanin Turawa sun rubuta sunan Barebari ɗaya ta hanyoyi da dama, yau Boukar, gobe Boucar, a takardar Najeriya kuma Bukar, alhali dangi ɗaya ne a gaɓa biyu na kogi. Wanda zai je neman kakansa a gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Yamai, sai ya tafi da dukkan rubutun.

Kwafi kuma ya zama uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a kile USB, ɗaya wurin ɗan'uwa a Damagaram ko Yamai, nesa da Komadugu. Takardun asali su koma akwatinsu, a ɗora shi bisa bulo, a duba ƙarƙashinsa kafin damina.