Gasar 'Yan Kwamfuta: A Fara Tambayar Mai Garba

 A wannan wata za mu taɓo wata magana ce da samarinmu suka kawo mana wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a rumfar mai shayi a nan Adjamé Liberté. Suka ce suna son shirya abin da 'yan boko ke kira hakaton a kan sha'anin abinci, suna neman manya su sa albarka, su kuma sa hannu a aljihu. Wani dattijo daga cikinmu, wanda ya tsufa a cinikin albasa, ya dube su ya ce, "To 'ya'yana, wannan abin naku zai hana buhuna ruɓewa?" Aka yi dariya, amma har aka tashi babu wanda ya ba shi amsa.

Ga wanda bai sani ba, hakaton zama ne na kwana biyu ko uku, inda ake tara matasa masu ilmin kwamfuta, a raba su rukuni-rukuni, a ajiye masu wata matsala su yi ta fama da ita dare da rana, daga ƙarshe alƙalai su zaɓi waɗanda dabararsu ta fi. Ba baƙon abu ba ne a harkar noma. A shekarar 2013 cibiyar CTA ta shirya irinsa a Kigali, babban birnin Ruwanda, inda wasu matasan Uganda masu suna Ensibuuko suka yi nasara, suka ci gaba da yi wa ƙungiyoyin adashi da bashi na karkara manhajar lissafi. A watan Satumba na 2017 kuma a nan Abijan aka yi zagayen ƙarshe na gasar Pitch AgriHack, a lokacin babban taron noma na Afirka. To amma ita CTA ɗin ta rufe a ƙarshen 2020. Ashe ke nan wanda ya dogara da tukunyar wani, wata rana da yunwa zai kwana.

Mu kuwa wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin da hannunmu cikin ciyar da garin nan. Garba, wato aceke da soyayyen kifin ton, wanda ɗan makaranta da lebura ke karya kumallo da shi, a hannun 'yan'uwanmu na Nijar ya yi suna, har ya ɗauki sunan Bahaushe. A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sa sana'ar yin aceke cikin jerin al'adun duniya da aka gada. Albasar Galmi tana cin tafiyar fiye da kilomita 2,000, ta ratso Burkina Faso kafin ta iso Adjamé. Ga 'yan goro a Anyama, ga kuma dillalan dabbobi. A 2011 hukumar FAO ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa a duniya asararsa ake yi. Mu ba sai an karanta mana ba, muna shaƙar warin wannan asara kowace damina a bakin kasuwa.

Saboda haka muna goyon bayan yaran nan, amma da sharuɗɗa.

Na farko, matsalar ta fito daga kasuwa, kada a zauna a ɗaki a ƙirƙiro ta. Kafin a sa rana, su yi mako biyu suna yawo da littafi tsakanin Adjamé da Treichville suna tambaya. Mai garba zai gaya masu yadda ake maimaita mai ɗaya har ya yi baƙi, don tsadarsa, alhali ya san ba ya da kyau ga lafiyar mai ci. Zai gaya masu yadda kifi ke lalacewa idan wuta ta ɗauke, da yadda aceken da ya kwana ke tsami. Mai albasa zai nuna masu buhunan da aka jibge a ƙasa ba iska, guda ta ruɓe ta ɓata saura. Daga cikin waɗannan a zaɓi uku kawai.

Na biyu, lokaci. Tsarin Turawa na kwana biyu ba barci bai dace da mutumin da ke tashi tun kafin asuba ya je neman kifi ba. A raba zaman zuwa yammaci huɗu ko biyar, daga la'asar zuwa isha'i, a tsaya a yi salla. Kada a sa shi cikin azumi ko gab da layya, lokacin da 'yan kasuwa ba su da sukuni.

Na uku, kowane rukuni ya ƙunshi ɗan kasuwa guda, ba a matsayin ɗan kallo ba, a matsayin mai cewa a yi ko a bari. A gayyato matan kasuwar Gouro, waɗanda suka riga mu sanin amfanin ƙungiya, a kuma sa 'yan matanmu da suka yi karatu. A yi magana da Hausa da Julanci da Faransanci, a samu mai fassara. Da yawa cikin iyayenmu ba su karanta boko, amma kowa ya iya aika saƙon murya ta WhatsApp, ya iya karɓar kuɗi ta Orange Money ko Wave. Dabarar da ta fi ƙarfin wannan, ta fi ƙarfin kasuwa.

Na huɗu, a bar ƙofar sauya ra'ayi a buɗe. A rana ta biyu kowane rukuni ya kai abin da ya soma yi gaban teburin mai sana'a a gwada. In bai yi ba, a watsar a kama wani, ba abin kunya ba ne. Kuma ba dole sai manhaja ba. In maganin ya zama katako ne da za a ɗaga buhuna daga ƙasa, ko hanyar sanar da masu dafa abinci cewa ga albasar da ta fara laushi a farashi mai sauƙi, a karɓa da hannu biyu.

Na biyar, kyauta. Mun sha ganin an miƙa wa yaro kwali babba an ɗauki hoto, shi ke nan labari ya mutu. Mu a ganinmu kyautar ita ce rumfuna goma da za su yarda a gwada abin wata uku, a riƙa ba da kuɗin kashi-kashi gwargwadon aiki. Abin da aka tara kuma a damƙa shi ga amintattu uku, a karanta lissafi a bainar jama'a, don kada abin alheri ya zama sanadin gaba.

Muna kira ga shugabannin zango da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da su ba yaran nan wurin zama da kunnen saurare. Ku kuma samari, ku koma wurin dattijon nan da littafinku, ku durƙusa ku ce, "Baba, buhu nawa ka zubar bara?" Daga amsarsa gasarku za ta fara.

Allah ya sa mu dace. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.