Hayaƙi a Ƙofar Magabata

Akwai wata tambaya da baƙo kan yi a Yola wadda ba mai son amsa ta. Mutum ya sauka a Jimeta, ya kwana a masauki, da safe ya ɗauki hanyar cikin gari domin ya ga fadar Lamiɗo da gidan tarihi na Fombina da Masallacin Modibbo Adama. Bayan ya sha yawo a rana, sai ya matso kusa da ɗan rakiyarsa ya ce, "Malam, a ina zan iya shan sigari?" Nan take ɗan rakiya zai sunkuyar da kai, ko ya yi murmushi, ko ya kawo wani zance. Baƙo kuwa sai ya ɗauki shirun nan a matsayin izini, ya raɓe jikin katanga mafi kusa ya ƙyasta ashana. Sau da yawa katangar nan ta masallaci ce.

Mun saba ɗora laifin duka a kan mashayin, kuma lalle yana da nasa kason. Wanda ya busa hayaƙi a inda mutane suka tuɓe takalma ya yi rashin ladabi, ko daga wace ƙasa ya fito. Amma mu muna ganin kaso mafi girma yana wuyan masu gida, waɗanda suka ƙi faɗar abin da suke so, sa'annan suka koma gefe suna tsaki.

Za a ce mana ai kunya ce, kuma a ƙasar Fulani kunya ba abin wasa ba ce. Semteende, kamar yadda ake kiranta da Fulatanci, tana cikin ginshiƙan pulaaku, kuma ita ce ta hana saurayin Yola kunna taba a gaban kawunsa ba tare da an kafa masa doka ba. To amma kunya harshe ce, sai wanda ya tashi a cikinta yake jin ta. Ɗan kasuwar da ya zo daga Anaca, da ɗalibin da ya zo daga Legas, da Baturen da ya biyo ta nan kan hanyarsa ta zuwa Sukur, ba su iya karanta sunkuyar da kai ba. Wai shin tun yaushe Yola ta fara jin nauyin gaya wa baƙo gaskiya? A watan Yuni na 1851, shekara goma kacal bayan Modibbo Adama ya kafa garin a 1841, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Yola tare da mutanen Barno. Lamiɗo Lawal bai yi masa kwana-kwana ba. Cikin 'yan kwanaki ya sallame shi ya koma inda ya fito. Magabatan da suka iya sallamar baƙo sukutum, jikokinsu ne yau suka kasa ce masa, "Nan a'a, can ƙarƙashin bishiya."

Doka ma ba ta bar mu a duhu ba. Tun 1990 gwamnatin soja ta Janar Babangida ta fitar da doka mai lamba 20 wadda ta hana shan taba a asibitoci da makarantu da ofisoshi da motocin haya. A 2015 aka sa hannu a kan sabuwar dokar taba ta ƙasa, wadda ta tanadi tarar Naira 50,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya sha a inda aka hana, ta kuma haramta sayar da sigari kara-kara. Kowa ya san yadda wannan sashe na ƙarshe ya ƙare. A tambayi kowane mai tebur a bakin tasha. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dokar nan ta bar ƙofar a keɓe wa mashaya wuri na musamman. Mun ɗauki hanin mun ajiye a takarda, keɓewar kuwa ko waiwayarta ba mu yi ba.

Mun san dalili. Ana tsoron kada a ce wane ya gina wa 'yan sigari rumfa, wato ya halatta abin da malamai suka ƙi. Wannan tsoro ba shi da tushe. Hukuncin taba tsohuwar muhawara ce: Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda ya rasu a 1627, ya yi fatawar halaccinta, wasu manyan malamai suka saɓa masa, 'yan Tijjaniyya kuwa har gobe suna ƙyamarta. Ba a ƙofar fada za a warware wannan ba. Wanda ya haƙa masai a bayan gida ba ƙazanta ya ɗaukaka ba, tsakar gidansa ya tsare. Saudiyya ta ayyana Makka da Madina a matsayin biranen da ba a shan taba tun 2001, ta faɗa a fili, kowane alhaji ya ji. Birnin Kiyoto na Japan, mai ɗaruruwan wuraren bauta da dubban maziyarta, ya hana sha a manyan titunansa a 2007, ya kuma ware wuraren da mashayi zai tsaya. Ɗaya ta rufe ƙofa, ɗaya ya nuna lungu. Dukansu sun yi magana. Mu ne kaɗai muka zaɓi mu yi gum, mu bar baƙo ya yi ta lalube.

Kuma maganar ba ta tsaya ga ladabi ba. Duk wanda ya san cikin garin Yola da hunturu ya san yadda zana da bunu suke bushewa ƙayau, iska kuma tana kaɗawa. Masallacin Gurin, garin da Modibbo Adama ya fara zama kafin Ribadu da Yola, ya yi shekaru aru-aru da kara aka gina shi, jama'a suna sabunta shi da hannunsu, kafin a mayar da shi ginin zamani. Irin wannan gado guntun sigari ɗaya ya ishe shi. Takardu da tufafi da makaman da ake adanawa a gidan tarihi ba a sayo madadinsu a kasuwar Jimeta.

Abin da muke nema bai kai kuɗin fentin ƙofa ɗaya ba. A kafa allo a mashigar kowane wurin ziyara, a rubuta da Hausa da Fulatanci da Turanci, har da ajami domin dattawa, cewa daga nan ba a shan taba. A auna tazara mai kyau, nesa da sahun masallata da hanyar yara 'yan makarantar allo, a sami inuwa, a ajiye benci da bokitin yashi, a sa kibiya mai nuna wurin. A gaya wa dogarai da 'yan rakiya amsar da za su bayar, domin su daina sunkuyar da kai. Masu masaukai a Jimeta su ma su sanar da baƙonsu tun kafin ya hau Keke Napep. Wanda aka nuna wa benci ya ƙi, ya koma jikin masallaci ya kunna, wannan kam sai a karanta masa dokar 2015 da babbar murya.